Hamisu, wanda muka yi ta ƙwacen fasinja da shi a bodar Jibiya

Da safen nan ɗansa ya kira ni, wai Alhaji Hamisu ya cika. Innalillahi.

Ni da Hamisu abokan hamayya ne. Lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasar nan, kowa na son hawa jirgi, sai wasu ƙananan kamfanonin jiragen shata biyu suka kafa tebur gefe da gefe a filin jirgin Kano. Ni ejan ɗin ɗaya, shi na ɗayan. Aikinmu tsayuwa a bodar Jibiya, mu tare maniyyata da 'yan kasuwa masu shigowa daga Maraɗi.

In muka rage kuɗin tikiti, kafin azahar nasu ya faɗo ƙasa da namu. Muka ce awon kaya kyauta, suka kawo bas tana kwasar fasinja daga boda har Kano. Muka ƙara ranar tashi, suka hayo jirgi na biyu.

Duk da haka kwano ɗaya muke cin tuwo.

Kamfaninmu ne ya fara durƙushewa. Jirginmu ɗaya tilo ya lalace, manaja ya ɓace. Aka bar ni a filin jirgi da maniyyatan da na kawo, wasu shanunsu suka sayar. Da rana tsaka suka kewaye ni. Wani dattijo ya riƙe mini riga yana kuka, yana cewa da wane ido zai koma gida. Ba ofishin da ban shiga ba, ba wanda ya saurare ni.

Sai ga Hamisu. Ya ce, "Lawwali, mi ya faru?" Na nuna masa maniyyatan.

Ya wuce wajen manajansu. Daga waje nake jin manajan na cewa a bar mu mu mutu, kasuwa ta zama tasu. Hamisu ya ce, "Ranka ya daɗe, in mutanen nan ba su tashi ba, ba mai ƙara yarda da jirgin araha, namu ko nasu."

Kaɗan-kaɗan aka ɗebe su a kujerun da suka rage a jiragensu, kowa ya sauke farali. Bayan aikin Hajji manajan ya sallami Hamisu, wai ya fi son abokan gaba. Ya koma noma a Daddara, bai taɓa yi mini gori ba.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je duba shi, yana kwance ba lafiya. Ya rame ƙwarai. Na fashe da kuka, ya ce, "Haba Lawwali, bari mana, kana tsorata mini iyali."

Yau ina kwance a Kano, ƙafa ta hana ni motsi. Za a sallace shi ba ni. Ban san inda zan sa kaina ba.

Ya Allah, Hamisu ya rufa mini asiri a gaban jama'a, Ka rufa masa nasa a gabanKa. Ka yalwata kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya tsaya ya yi masa addu'a. Wanda ke kusa da Daddara kuma, ya je ya tsaya mini a sahu.