Kawu Ko-Gezau da Madubin Bindigarsa

Duk wanda ya taɓa zama da Kawu Bawa a bakin ruwa can ƙasan Wara ya san ba a gama gaisuwa da shi sai ya ƙwanƙwasa madubin bindigarsa da wani abu. In dutse ne kusa, dutse. In gefen kwalekwale ne, shi ɗin. In babu komai, to ƙoƙon gwiwarka ma ya wadatar. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sau uku, sannan ya kawo maka shi har hanci ya ce, "Ka gani? Ko gezau!" Ba wanda ya tambaye shi fa. Ta'aziyya ka zo yi, ko aron fartanya, sai ka sha wannan karatun tukuna. Da haka sunansa na yanka ya ɓace, yara da manya suka koma kiransa Ko-Gezau, shi kuwa har wani fankama yake yi in an kira shi.

Ni Mamman, ɗan ƙanwarsa, ni na fi kowa shan wahalar madubin nan, don katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ga waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, wani ɗan bututun ƙarfe ne mai gilashi gaba da baya, ana ɗaura shi a kan bindiga, in ka leƙa sai na nesa ya matso kusa, ga kuma wasu zare biyu sun gitta a tsakiya inda harsashi zai sauka. Wani Bature da Kawu ya yi wa jagora a daji zamanin ƙuruciya ne ya bar masa shi tare da bindigar. Maɗaurinsa na asali ya karye tun ban yi wayo ba, maƙeri ya ƙera masa wani, Kawu ya ƙara da robar tayar keke ya naɗe tam. To robar nan takan saki. Ranar da ta saki, in ya harba, sai madubin ya dawo baya ya dake shi a gira. Kun dai tuna zoben tabon nan da ya kewaye masa idon dama.

Wata rana ya shigo gida jini na bin kumatu, matarsa Inna Kulu ta saki muciya ta dafe ƙirji.

"Malam! Wanga abu sai ya cire maka ido za ka huta?"

Ya ɗaga madubin ya duba shi gaba da baya, ya hure ƙura. "Ke Kulu, rage murya. Duba nan. Ƙashin kai guda yad daka, ko gezau!"

"Shi ko gezau. Kai hwa?"

"Ni hwata ta, tana warkewa da kanta."

Da madubin nan yake fasa goro in ya yi tauri. Da shi na ga ya buga turken akuya. Na ce, "Haba Kawu, ga guduma can." Ya ce guduma ai aikin maƙerin garinmu ce, tsoro yake kada ta lalace.

Sai kuma shekarar da muka kife. Muna dawowa daga tsallake ni da shi, ni ke tuƙi, shi yana zaune a gaba rungume da bindiga yana yi mini faɗa. Tun ina yaro yake cewa ban iya tuƙi ba, wai hannuna na dama ya fi na hagu ƙarfi, kwalekwalena kullum a karkace yake tafiya. Yana cikin faɗan ya miƙe tsaye zai nuna mini yadda ake riƙe filafili. Tsoho ya miƙe tsaye cikin ƙaramin kwalekwale, ga iska! Sai ga mu tsulum. Allah ya taimaka gaɓa ba nisa, muka fito da ƙafarmu, amma bindiga ta nutse.

Kwana uku Kawu bai bar masunta sun sha iska ba. Duk wanda ya jefa taru a wurin sai ya tsaya masa a kai. Rana ta uku bindigar ta fito cikin tarun wani Basarke, ta sha laka, madubin kuwa ruwa ne cike a ciki, in ka girgiza har ƙara yake. Na ce a raina, alhamdu lillahi, yau mun rabu da ƙwas-ƙwas. Ashe ban san Kawu ba. Ya kwance madubin ya nufi murhun bandar Inna Kulu, ya ture tarwaɗa gefe, ya shimfiɗa shi a tsakiyar kifi.

"Malam, mi kaka yi haka?"

"Mi aka yi ma abin da yaf hito ruwa? Banda aka yi mai."

Kwana biyu yana juya shi tare da kifi. Ruwan dai ya fita, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Amma daga ranar madubin nan bai daina warin banda ba, duk inda Kawu ya jingine bindiga sai ka ga kyanwowin unguwa sun kewaye ta. Kuma laifin kifewar har ya mutu a kaina yake: "Da Mamman ya iya tuƙi, da madubina bai sha hayaƙi ba."

Harsashi kuwa, wannan wani babi ne. A cikin gwangwanin madara yake ajiye su, kowanne naɗe da tsumma. Sau nawa ina ce masa, madubin da ya sha duka, ya sha ruwa, ya sha banda, ai ya kamata a kafa ƙwarya a nesa a harba, a ga ko saitinsa yana nan. Sai ya dube ni sheƙeƙe. "In harbi ƙwarya? Mi ƙwarya tay yi mini? Miya aka yi da ita?"

To ga abin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wata shekara damina ta yi mana gardama, abin da na girbe bai kai mu ko'ina ba, sai na zuba duk ƙarfina a shinkafar rani a bakin tafki. Bijimina guda na sayar na sayi injin ban-ruwa. Shinkafar nan ita ce abincin gidana na shekara, mu tara, babu wata a bayanta. Ta yi kyau har mutane na tsayawa kallo, sai gadu suka gano ta. Garke guda, da wani ƙaton namiji mai haure a gaba. Kowace safiya in zo in tarar sun tone kunya biyu uku.

Na kai kuka wurin Kawu. Ya zo da sassafe, ya harba, ya kuskure. Bai taɓa kuskure a gabana ba sai ran nan. Ya ce rana ce ta haske masa ido. Ni kuwa na ce madubi ne ya gaji, amma a cikina na faɗa.

Washegari aka yi rasuwa a dangin Inna Kulu can Shanga, suka tafi za su kwana uku. Ya bar mini makullin ɗakinsa don in riƙa ba tantabarunsa hatsi. Shaiɗan ya ce mini, Mamman, ga dama. Akwai wani tsohon soja, Saja Bitrus, da ke noman rogo kusa da mu, ya san bindiga ciki da waje. Na saci jiki na kai masa bindigar Kawu, na sayo harsashi biyar da kuɗina. Ya kafa ƙwarya, ya leƙa, ya yamutsa fuska don warin kifi, ya harba. Ƙwarya na nan zaune lafiya lau, ƙura ta tashi can gefe.

"Mamman, wannan abin da shi tsohon ke kashe nama?"

"Da shi, Saja."

"To ko dai waliyyi ne, ko namun dajin ne ke tausayinsa. Taku biyu cur yake kai harsashi dama."

Ya kwance robar, ya ɗaure maɗaurin sosai, ya murɗa nan ya murɗa can. Harsashi na huɗu ya tarwatsa ƙwarya. Na mayar da robar yadda take, na jingine bindiga a mazauninta, ina jin kaina ɗan halak wanda ya yi wa kawunsa gata.

Washegarin ranar da Kawu ya dawo, da safe bayan mun yi sallah muka je muka laɓe bayan wata kirya. Gari ya waye sarai. Sai ga su. Ƙaton ya shigo har tsakiyar gona yana tono, ga injina a gefensa na hagu, ɗan taku biyu tsakani. Kawu ya durƙusa, ya leƙa, ya daɗe yana saiti. Zuciyata na cewa, yau kam ka mutu, ɗan banza.

Daram!

Gadu ya ɗaga wutsiya ya ranta a na kare da iyalansa. Injina kuwa ya yi wani ƙara, tankinsa ya huje gaba da baya, fetur na tsiyaya cikin shinkafa.

Na ɗora hannu a ka. "Kawu! Ka kashe ni! Inji ka harba!"

Bai ko dubi injin ba. Madubin yake kallo, a hankali, yana juya shi. Sannan ya juyo gare ni.

"Wa yat taɓa mini madubi?"

Na juya ina duba tankin injina.

"Mamman, da kai nike. Wa yat taɓa shi?"

Na faɗi gaskiya, har da Saja, har da ƙwarya. Na ce gyara na sa aka yi masa, don taku biyu yake kaiwa dama.

"Kai ka gaya mini? Ni ban san taku biyu yake kaiwa dama ba? Tun kahin a yi maka kaciya nas sani! Shi ya sa nike aza zaren taku biyu hagu, harsashi shi tai inda nike so. Shekara nawa muna zaune lahiya ni da shi, kowa ya san halin kowa, kai ka tashi ka miƙe shi ba ka hwaɗa mini ba!"

"To Kawu, ba kai ke cewa ko gezau ba?"

"Ai ko gezau ɗin na! Tun da yak karkace, ya ƙara karkacewa? Ya rage? Nan yat tsaya!"

Ga abincin 'ya'yana zai bushe, ga tsoho yana yi mini wa'azin karkata. Kafin in buɗe baki ya ɗaga bindigar ya maka madubin a jikin kiryar nan da iyakar ƙarfinsa, sau uku. Ya leƙa. Ya ƙara ɗaya. Sannan ya miƙo mini hannu ya ce in ba shi harsashina na biyar da ya rage, tunda ni mai kuɗin harbin ƙwarya ne. A ranar kaɗai na ga Kawu ya harbi ƙwarya, kuma da harsashina. Ƙura ta tashi dama da ita. Ya auna da ƙafa ya ce, "Taku biyu da rabi. To, mun saba."

Injin sai da aka kai shi Yelwa wurin mai walda, ya yi kwana biyar. Shinkafa kuwa ba ta jiran mai walda. Kwana biyar ɗin nan da bokiti muka yi ban-ruwa, ni da matata da Inna Kulu, da Kawu kansa. Tsoho mai furfura, ya naɗe wando har gwiwa, daga tafki zuwa gona, daga gona zuwa tafki, tun hantsi har la'asar, bakinsa bai huta ba ko na minti ɗaya. Na ce ya zauna, ya ce in rufe masa baki. Rana ta uku da safe ƙaton gadun ya dawo, Kawu ya ajiye bokiti, ya aza zarensa taku biyu da rabi hagu, ya kwantar da shi. Garken ba su sake takowa ba. Mun yi asarar kunyoyin da ke can ƙarshe, sauran ta tsira, kuma ita muka ci har sabon hatsi ya shigo.

Kuna tsammani ya ba ni haƙuri? Ranar da aka dawo da injin, ya zagaya shi, ya taɓa facin walda da yatsa, ya ce, "Wanga shi na inji? Harsashi guda, ya kwanta kwana biyat. Madubina hwa?" Ƙwas, ƙwas, ƙwas, a kan injin nawa.

Da tsufa ya ci ƙarfinsa ya rataye bindiga, amma ya kwance madubin ya sa masa igiya ya rataya a wuya. Kullum la'asar yana bakin ruwa kan wani kututture, yana leƙen tafki. Ni na ɗauka neman wanda zai ƙwanƙwasa wa gwiwa yake.

Da Allah ya yi masa rasuwa, bayan sadakar uku Inna Kulu ta kira ni ta miƙo mini shi, ta ce ya bar wasiyya a ba ni, kuma kada in kuskura in kai wa Saja. Na yi dariya, na ɗaga na leƙa. Hazo ne kawai a ciki, ga tsaga ta ratsa gilashin, ko bishiyar ƙofar gida ban iya rarrabewa ba.

Na ce, "Inna, ai ba a ganin komai a nan. Me yake kallo duk yamma?"

Ta ce, "Kai yaka jira. Duk randa kat tai tsallake ba ya tashi sai ka dawo."

"Ta yaya zai gane ni cikin wannan hazon?"

"Cewa yake, jirage duka baƙin abu na, amma in ya ga guda yana tahowa a karkace, sai shi ce, Kulu, aza ruwan tuwo, ga Mamman nan ya hito lahiya."

Yana nan rataye a ɗakina, har yanzu da ɗan warinsa na banda, kuma ban bari kowa ya taɓa shi ba. Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya zauna yana jirana a bakin ruwa, Allah ka sa ya tarar da rahamarka tana jiransa. Amin.