Malama Barakatu Jibrilu Dauran da Tsarin Raba Mako

An haifi Malama Barakatu a garin Dauran ta ƙasar Zurmi a shekarar 1964. Mahaifinta Malam Jibrilu Wakili limami ne kuma manomi, sunan mahaifiyarta Furera.

Karatu da Aure

Ta sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinta, ta yi firamare a Zurmi, sannan ta wuce jami'a a Sakkwato, inda ta kammala digiri a fannin kiwon dabbobi a 1989. A shekarar ce aka ɗaura aurenta da Alhaji Maiwada, ɗan kasuwar Shinkafi.

Aiki

A 1991 ta fara koyarwa a wata kwalejin fasaha da ke Ƙauran Namoda. A 2009 aka ɗora mata shugabancin kwamitin da zai zaɓi yadda ɗaliban sashenta za su koyi aiki a aikace. Hanyoyi uku aka gabatar: a tura su manyan kamfanoni a Kaduna har shekara guda, ko a kafa gonar gwaji cikin makaranta, ko a raba mako, kwana uku a aji, biyu wurin makiyaya da masu maganin dabbobi na yankin. Ta zaɓi ta uku, domin ta lura matan aure da masu noman gandu sukan bar karatu idan aka tura su nesa. Abokan aikinta sun yi jayayya cewa takardar kamfani ta fi daraja wajen neman aiki, ba ta kuma musa ba. Da makiyayan Gurbin Bore suka ƙi karɓar ɗalibai, da ƙafarta ta bi ruga-ruga har suka amince.

A 2018, sa'ad da hanyoyin zuwa rugage suka rasa aminci, ta janye ɗalibanta arba'in da biyu daga wurin makiyayan cikin mako guda, ta nemi a kafa gonar gwajin da ta ƙi a baya. A zaman majalisar malamai ta ce, "Wancan zaɓi nawa ne, wannan ma nawa ne. Ba zan kai ɗan wani inda ba zan kai nawa ba."

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata, 7 ga Maris, 2023, bayan gajeriyar jinya. An yi jana'izarta a Dauran bayan sallar la'asar, tsofaffin ɗalibanta ne suka haƙa kabarin. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Zaharaddeen, Salima, Haidar da Yusra. Allah ya jiƙan ta da rahama.