Alhaji Barau da Ƙarfe Marar Riga

Duk wanda ya san marigayi Alhaji Barau, maɗinkin manyan riguna na Faskari, ya san ashanar da ba ta rabuwa da aljihunsa. Ba ya shan taba, Allah Ya kiyaye! Idan ka zo gaishe shi cikin sabuwar riga, kafin ka rufe sallama ya zare zare ɗaya daga aikin wuyanta, ya ƙyasta, ya kai hanci. In ya ji ƙaurin gashi, silikin tsamiya ne na gaskiya, sai ya amsa. In zaren ya narke ya dunƙule, sai ka ji, "Maraba da mai rigar leda."

Ni ma bai ƙyale ni ba. Ranar walimar ajiye aikina na koyarwa, a gaban malamaina ya ƙona mini zare.

"Alhaji, wannan rashin tsari ne," na ce.

"Hedimasta, ka daɗe kana bin aikin ɗiyan mutane da jan biro. Yau an duba naka, kuma ka hwaɗi."

Zarensa daga gidajen da tsutsotsi ke saƙawa a kan itacen tsamiya yake fitowa, kuma bai yarda kowa ya zaɓo masa su ba. Da furfurarsa ya hau wata tsamiya a bayan Tafoki, reshe ya ɓalle, ƙashin ƙugunsa ya karye. Jama'a na salati, shi yana tsawa: "Ku bar ƙahwar, ku tsince gidajen kahin awaki su taka!"

A asibiti likita ya ce sai an sa masa ƙarfe a ƙugu, in ba haka ba ya yi sallama da tafiya. Ya saurara da ladabi har aka nuna masa irin ƙarfen.

"Haka za shi shiga? Ba riga, ba komi? Ni da na tuhwatar da hakimai, in sauke baƙo tsirara cikin jikina? Allah Ya sawwaƙe!"

Ni na ba da shawarar a kira jikarsa Hadiza, wadda ke bincike a jami'a, domin ita kaɗai yake ji. Ashe na ƙara wa wuta makamashi. Don ta kwantar masa da hankali, ta gaya masa cewa aikinsu ke nan: suna sauya halittar wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana kiran su bakteriya, har su riƙa samar da siliki. Da shi ake so a lulluɓe ƙarafan da ake sa wa mutane, don jiki ya karɓe su ba tare da kumburi ba.

Idanunsa suka yi haske. "Kin ji, amaryata! Ashe likitoci ma sun san da kunya. Ɗebo mani zare guda in gwada."

"Kaka, ba a fita da shi daga ɗakin gwaji. Kuma bai kai a sa wa mutum ba tukuna. Da sauran shekaru."

"To, ina jira."

Ya kuwa jira. Likita ya yi gargaɗi cewa kwanciyar za ta cinye ƙafar. Na je na jera masa hujjoji, na farko, na biyu, na uku. Ina cikin na huɗu ya fara minshari, idonsa ɗaya a buɗe.

Hadiza ta daina roƙo. Ta zauna kusa da gadonsa tana ɓare lemu, ta bar shi da tambayoyinsa, domin ƙwayoyin nan, da yake kira masaƙa, sun tsaya masa a rai.

"Wai su wa ya koya masu? Suna hutun Juma'a?"

"Ba sa hutu, Kaka. Dare da rana suke yi."

"Madalla da su! To, in wasu sun kwanta sun ƙi aiki hwa, mi kuke masu?"

"Zubar da su muke yi, mu wanke kwalbar."

Alhaji ya dubi ƙafarsa, ya dubi lemun, ya dube ni.

"Hedimasta, mi kake tsaye kana kallo? Kira mani likitan nan."

Aka yi aiki, aka dace. Amma kada ku zaci ya janye maganarsa. Yana fara zama ya sa aka kawo masa wandunansa duka, ya yi wa kowanne aikin tsamiya a daidai ƙugun hagu, mai faɗin tafin hannu, irin wanda ake yi wa rigar ango. A kasuwar Yankara mutane suka riƙa tsayar da shi suna tambaya.

"Ina da baƙo ciki," yakan ce. "Tasa rigar tana wurin masaƙa, wagga aro ce."

Rigar ba ta iso ba har ya koma ga Mahaliccinsa, Hadiza kuwa tana can tana fama da masaƙanta. Amma da ƙafafunsa ya yi ta zuwa masallaci, yana ɗingishi yana faɗa, har makon da ya rasu.

Allah Ya jiƙan Alhaji Barau, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ya huta. Allah Ya ba Hadiza ikon kammala abin da kakanta ya jira. Amin.