Naman Ƙasa a Saurar Dada

A gidanmu na Katagum ba don sanyi ake hura wutar tatsuniya ba, don sauro ake hura ta. Kogi na kusa da mu, da damina ta sauka sauro sai ka ce aiko shi aka yi. Da an ci tuwo, Dada, kakarmu ta wajen uba, sai ta kwaso garwashin murhu zuwa tsakar gida, ta ɗora ɗanyen ganyen darbejiya a kai. Hayaƙi ya turnuƙe, muna tari muna hawaye, amma ko da bulala ba mai tashi.

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa, wa zai shimfiɗa mata tabarma?" Mu haɗa baki, "Mu ne!" Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne wana, Yaya Garba. Shi ne kuma yake fara barci. Ya ɗora kai a cinyarta, kafin a kai tsakiya ya yi nisa. Dada ta dungure masa kai ta ce, "Ku ga maigidana, ragon miji. Baƙuwa na magana yana minshari."

Wadda na fi so ita ce ta 'yan mata biyu marayu, ya da ƙanwa. Ƙanwar tana tsoron tsawa, tsoro ba na wasa ba. Wata rana hadari ya tare su a daji, ba bukka ba kogo. Yarinya ta durƙusa ta ce, "Ƙasa, ɓoye ni." Ƙasa ta buɗe ta rufe ta, sai hannunta ɗaya da yayar ta riƙe. Hadari ya wuce, yayar ta ce ta fito, ƙanwar ta ce a'a, zai dawo. Yayar ta ce to ni ma ba inda za ni. Ta tsaya nan rana da ruwa, abin da ta samu na ci ta miƙa mata ta hannun nan, har ta rikiɗe ta zama 'yar ciyawa mai ƙaramin fure rawaya, hannun ya zama saiwa. Ita kuwa ƙanwar ta dunƙule ta zama naman ƙasa. Shi ya sa duk lokacin da aka yi tsawa a farkon damina take firgita, ta yunƙuro wajen yayarta, ƙasa ta tsage a gefen ciyawar.

A nan Dada take rage murya. "Kowa ya ga tsagar, ya tona, rabonsa ne. Amma kar ya taɓa yayar. Ran da ta saki hannun nan, ƙanwar ba ta ƙara motsi." Sai ta tafa cinya. "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta. Ku ɗauke min wannan gawar daga ƙafata." Yaya Garba ke nan.

Naman ƙasa kuwa ba ƙarya ba ne. Akwai shi a saurar da Dada ta gada wajen mahaifinta, wani fili mai rairayi da ba a nomawa, sai dai awaki su yi kiwo. Ba shi da ganye, ba shi da kara, a ƙarƙashin ƙasa yake girma kamar dankali. Sau ɗaya na taɓa ci, ina 'yar ƙarama. Ta dawo da shi a ƙulle a bakin zane, ta yanka, cikinsa fari, ƙamshinsa irin na ƙasa in an yi ruwan fari. Ta soya da man shanu ta raba mana a tafin hannu. Na rantse da Allah na ɗauka ƙoda ce.

Shekaru suka ja. Ni aka kawo ni Azare aure, Yaya Garba ya tafi Saudiyya aikin tuƙi, idon Dada kuma ya rufe gaba ɗaya. Da ya dawo, ko hutawa bai yi ba ya zo min da zance yana rawar jiki.

"Hauwa, kin tuna naman ƙasan Dada? Na gan shi a kasuwa can, a kwali a kwali. Faga suke ce masa. Wallahi ya fi naman rago tsada, mutane har layi suke yi. Kuma an ce akwai ƙasashen da ake noma shi. Mu muna da shi a bayan gida, awaki na taka shi!"

Muka je Katagum tare. Ya zauna gaban Dada ya roƙi saurar. Ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Abin da tsawa ke tayarwa, kai ne za ka shuka, maigida? To na ba ka. Amma na farko nawa ne. Ba ni da haƙorin ci, in dai riƙe shi a hannuna in shaƙa sau ɗaya kafin in tafi."

"Na farko naki ne, Dada. Na ɗau alkawari."

Kar wani ya ce wana wauta ya yi, ba zan lamunta ba. Abin da kowane manomin kirki yake yi a ƙasar nan shi ya yi. A wajenmu gona mai ciyawa abin kunya ce, a majalisa ma sai a yi da kai. Ya kewaye saurar da waya saboda awaki. Ya kawo tarakta ta kaɗe ta. Ya yi feshin maganin ciyawa, ya sake yi. Ya haƙa rijiya ya sa inji. Ya barbaɗa busasshen naman ƙasan da ya taho da shi daga can a matsayin iri. Mutane har tsayawa suke a kan babur suna cewa ma sha Allah. Ni kaina da na ji labari daɗi na ji.

Damina ta zo, aka yi tsawa har gidaje na girgiza. Kullum da safe yana gona, yana bin ƙasa da ido. Ko tsaga ɗaya babu. Damina ta biyu ma haka. Kullum ya shigo gida Dada ta miƙo tafin hannu tana tsokanarsa, "Ina kayana?" Ya ce, "Saura kaɗan." Tun yana faɗa da dariya har ya koma faɗa kansa a ƙasa.

Rannan ta ce a kai ta ta ji da hannunta. Na zo daga Azare, muka ɗora ta a amalanke. A tsakiyar gonar ta ce a sauke ta. Ta durƙusa tana shafa ƙasa, ta ja gwiwa gaba, ta shafa dama, ta shafa hagu. Ƙasa tas, kamar an share ɗaki.

"Garba, ina yayar?"

"Wace yaya, Dada?"

Ni na san ƙarshen tatsuniyar, amma a matsayin tatsuniya na ajiye shi. Shi kuwa bai taɓa jin sa ba, ko sau ɗaya. A tsaye a nan na faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi gonarsa, ya cire hula.

Na so ta yi faɗa. Wallahi da ta zage shi da ya fi sauƙi. Sai ta ɗebi ƙasa ta kai hanci, ta daɗe, ta zubar, ta kakkaɓe hannu.

"Gona ta yi kyau, maigida. Ka yi aiki. Mu koma gida."

Daga ranar bai zauna ba. Ya hau babur neman ciyawar, har Chinade, har Dagauda, duk inda aka ce akwai saura. Ko'ina an yi feshi. Masu furen rawaya kuwa ga su nan barkatai, shi bai san wacce ba ce, ni ma na manta kamanninta. Sai ya tugo dami ya kawo mata, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsu, ta shinshina, ta ajiye gefe. "Ba ita ba ce." Wata rana ta riƙe hannunsa ta ce ya bar wahalar da kansa, ta yafe alkawarin. Ya fita waje ya yi kuka kamar yaro.

A farkon daminar da ta biyo baya Allah ya karɓi abarsa, Dada ta rasu.

Bayan an share makoki na koma Azare. Wata safiya sai ga Yaya Garba, ƙafarsa duk laka. Ya zauna a bakin tabarma, na kawo ruwa bai sha ba. Ya ce daga ziyarar kabarinta yake.

"Hauwa, na gan ta."

"Wa?"

"Yayar. A maƙabarta, inda ba mai noma ba mai feshi. Ga ta nan 'yar ƙarama, kusa da kan Dada. Ƙasa ta tsage a gefenta."

Na ce, "Ka tona?"

"A maƙabarta, Hauwa?" Ya goge ido da hannun riga. "In na tono ma, in kai wa wa?"

Da ina yarinya na ɗauka Dada tana ba mu labarin nan ne don kar mu riƙa faɗa da 'yan'uwanmu. Yanzu da na manyanta, abin da yake ci min rai shi ne ta faɗa mana duk abin da ta sani, ba ta ɓoye komai ba, sai dai ta ajiye mafi muhimmancinsa a ƙarshe, lokacin da mai bukatarsa ya riga ya yi barci. Yaya Garba ya cire wayar saurar, ya bar ta ga awaki. Har yau bai ga tsaga ba, kuma har yau in an yi tsawa sai ya je.

Ni ma yanzu ina hura wutar sauro, 'ya'yana da nasa su zagaye ni. Suna min dariya wai ban iya tatsuniya ba, wai daga ƙarshe nake farawa. Su yi ta yi. Kafin baƙuwa ta zauna, sai na tabbatar idon kowa biyu, sannan in ce, "Ku ji wannan tukuna. Kar wanda ya taɓa yayar."