Bazarar da Ta Ƙi Fita Daga Taga

A babban kantin da ke bakin titi, Uwar Taga ake ce mata, don tun tana budurwa ita ke shirya tagar gilashin da masu wucewa ke leƙawa. Aikin doka ɗaya gare shi: taga ba ta jiran lokaci, gabansa take sha. Ana tsakiyar zufa za ta rataya laima da rigunan ruwa. Ruwa bai ɗauke ba za ta tula barguna da rigunan sanyi, mutane na rawar ɗari kuma ta fito da fankoki. Abokan aiki kan tsokane ta, wai ko ranar tafiyarta lahira sai ta riga mai ɗaukar rai isa. A lokacin har da ita ake dariyar.

Mijinta direban babbar mota ne, har ciwon ƙoda ya kayar da shi. Tagar ɗakinsu bangon maƙwabta take kallo, saboda haka daga bakin matarsa yake sanin inda shekara ta kwana. Kullum ta dawo sai ya tambayi abin da ke cikin gilashi.

Farkon bazara, a bakin ƙofar ɗakin asibiti, likita ya rage murya ya ce mata rai dai na Allah ne, amma da wuya mutumin nan ya ga damina. Aka sallame su gida da kwalin magani.

Tun daga ranar ta ƙi taɓa tagar. Ta san ba laimarta ke kiran hadari ba, ba yarinya ba ce, amma wa ya taɓa yi wa tsoro wa'azi ya ji? Kantunan layin duk suka canza kaya, ita fankokinta na nan, rana ta ci launinsu har sun koɗe. Mai kanti, ɗan marigayin da ya ɗauke ta aiki, ya fara da lallashi. Ta ce kwalayen damina suna can ƙarƙashin sito. Da aka fito da su ta ce ƙafar mutum-mutumin da ake sa wa riga ta karye. Matar da ba a taɓa kama ta da ƙarya ko ta allura ba, ga ta tana zuba su ba ko kunya.

Wata safiya haƙurin mai kantin ya ƙare.

"Inna, ina ganin girmanki. Amma ko ki canza yau, ko in nemo mai canzawa."

Aikin nan ke sayen maganin. Ta cire takalmi ta shiga gilashin, ta kwashe fankoki, ta yayyage ledojin sababbin rigunan ruwa ta sa wa mutum-mutumin. Laimomi kuwa ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana jin kamar kabari take haƙa.

Da yamma ta zauna a bakin gadon mijinta, ya yi tambayarsa ta kullum.

"Fankoki ne har yanzu, Baban yara. Zafin bana ya ƙi tafiya."

Ya jawo hannunta ya ɗora a fuskarsa. Warin robar sabuwar rigar ruwa ba ya jin sabulu, ta kuwa wanke har fatar ta yi zafi. Ya daɗe bai saki ba.

"Wace kala ce laimar bana?" ya ce a hankali. "Faɗa mini, uwar ɗakina. Ranar nan likita ya zaci barci nake."