Sunan da Kajin Inna Suka Sani

Shekaru na yi ina koya wa ɗalibai a Khartum yadda Gotawa, wata al'umma ta Turai da harshenta ya mutu tuntuni, suke kiran gaggafa. Ara suke cewa, jam'inta arans. A cikin fassarar Linjila kalmar ta tsira, kuma tana da dangi a Girkanci da Jamusanci. Nakan bi asalinta a kan allo ina ta ƙwalisa, sai ka ce kakana ne ya raɗa wa tsuntsun suna.

Ran nan wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Ustaza, ku a gidanku me kuke ce mata?" Na ce gaggafa, ko mikiya. Amma kunya ta kama ni, don a littafi na tsince su. Inna, mahaifiyata, ba haka take faɗa ba.

A wani mashru'u, wato babban gandun noma, na kusa da Gadarif na tashi, inda iyayena suke yankan riɗi. Idan tarakta tana huɗa, ɓeraye kan watse, manyan tsuntsaye su biyo su har bakin bukkokinmu. Da inuwa ta gifta, Inna sai ta buga tasa ta ƙwala wani suna da ta gada wurin uwarta. Kafin ta rufe baki, 'yan tsaki sun shige ƙarƙashin kwando. Kaji sun riƙe kalmar, ni mai digiri na yar da ita.

Da hutu na ɗauki ɗiyata muka nufi Gadarif. Yarinyar ba ta jin Hausa, kuma laifina ne, don Larabci ya fi mini sauƙi in na dawo aiki a gajiye. Inna ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Ita ce ma ta karya harshenta, ta koma Larabci, don jikarta ta gane ta.

Na ce, "Inna, wannan tsuntsun mai ɗaukar tsaki, me kike ce masa da?"

Ta murza goshi. "Ya bitti, 'yata, yana bakina. Bari zai zo."

Bai zo ba. Sai na yi wata dabara da har yau take ci mini rai. Na ce abin da tunani ya kasa, firgita za ta fito da shi. Da hantsi na ɗage kwandon da take kife tsakinta, na watsa musu dawa a tsakiyar fili, na ajiye tasa kusa da ƙafarta. Na zauna kamar ina tsince riɗi, idona yana sama.

Inuwar ta zo. Inna ta zabura, ta rarumi tasar, ta dubi jikarta da ke kusa da tsakin, ta ƙwala ihu: "Sagur! Sagur!"

Sunan tsuntsun ne da Larabci. Yarinyar ta gane, ta ruga. Tsakin ba su gane ba. Tsuntsun ya sauko ya suri ɗaya ya tashi.

Inna ta daɗe tana kallon sama, tasar a hannunta. Sannan ta juyo ta ce, "Wa ya buɗe kwandon?"

Na ce iska ce. Ta dube ni, ta tattara sauran tsakin cikin zanenta, ba ta ƙara tambaya ba.