Ɗakin da Malam Bai Gane Ba

Ɗakin da aka kai ni ina amarya, a cikinsa na tsufa. Ginin ƙasa ne, rufin azara, a wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Matan unguwa ne suka yi masa daɓe, kwana biyu suna bugu suna waƙa, aka zuba makuba, ya yi baƙi yana ƙyalli. Duk bayan damina sai in jiƙa farar ƙasa in shafe bangon da tsumma, in ja jan layi daga ƙasa daidai gwiwa. Kwanukan jerena suna bangon kudu, gado yana arewa. Ba ɗakin a zo a gani ba ne, amma mun san shi ciki da bai.

To, sai idon Malam, maigidana, ya tafi. Ba rana ɗaya ya tafi ba. Yanar ido ce ta fara rufe na hagu, aka kai shi Gumel aka duba, aka ba da magani, na daman ma ya bi ɗan'uwansa. Da duhun ya cika sai ya baro turakarsa ya dawo ɗakina. Abu ɗaya ya roƙa a wurin Allah, ya kuma faɗa mini da bakinsa: kada a ja shi.

"Ranar da aka kama mini sanda ana ja na a gaban mutane," in ji shi, "ranar na gama."

Kuma ba a ja shi ba, har shekara shida. Ɗakin ne yake yi masa jagora. In ya sauko daga gado, tafin ƙafarsa ya san inda daɓen ya ɗan lotsa, nan ne tsakiya. Hannunsa na dama ya bi bango, inda yatsun magini suka bar sawu, har ya faɗa alkuki, ramin nan na jikin bango da muke ajiye fitila a da. Nan carbinsa yake, butarsa tana ƙasa. Taku uku daga alkuki sai dokin ƙofa. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake, ya tsuguna ya yi alwala, ya bi katanga har masallaci. In ina shafen farar ƙasa, tsallake hanyar hannunsa nake yi, don kada in cike masa sawun.

Ana nan, ana nan, sai Allah ya buɗa wa babban ɗanmu. Fataucin dabbobi yake yi a kasuwar Maigatari, yana loda raguna a manyan motoci zuwa Kudu. Shi ne ɗana na fari, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama mun yi hira ido cikin ido ba. Haka na tarar ana yi, haka uwata ta yi da yayana. Tun da aka yaye shi ƙanwar Malam ta ɗauke shi, ita ce Goggonsa, ita ya sani. In ya zo gaishe ni, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ni ina kallon gefe, "lafiya lau" ta ishe mu. In ina da magana, Goggon nake faɗa wa ta kai masa.

Wata Juma'a bayan an gama girbi, sai ga su tare. Shi ya durƙusa a inda ya saba, ita ta shigo da wayarsa a hannu ta zauna kusa da ni.

"Ke tsohuwa, buɗe ido ki gani," in ji ta, don tun ina amarya muke tsokanar juna. "Ɗana zai fid da ke daga ramin ɓeran nan. Ga ruwan madara, ga ruwan toka, ga shuɗi. Zaɓi."

"Ramin ɓeran da kika shekara arba'in kina shan fura a cikinsa?"

"Na sha, ƙasa tana zubo mini a kwano. Zaɓi, malama, kada ki ɓata mana lokaci."

Na duba. Hotunan ɗakuna ne na mutanen birni, bango sumul kamar ƙwai, ƙasa tana ƙyalli kamar an zuba ruwa a faranti. Abin da ya fara faɗo mini a rai, ƙafafun Malam. Daga bakin ƙofa sai yaron ya yi magana, da Goggonsa yake, amma ni ake nufi.

"Goggo, ki gaya mata abokaina suna zuwa gaisuwa, nauyi nake ji. Ana cewa na samu na manta da iyayena."

Taku huɗu ne tsakanina da shi. Da na juya na ce masa, kai, ubanka da bangon nan yake gani, da magana ta ƙare a nan. Ban juya ba. Na sa yatsa na nuna ruwan madara don a rabu da ni.

Da ya fita na riƙe gefen zanen Goggon. Na ce ta gaya masa ya yi fentinsa, ya yi silinsa, amma ya bar bangon dama yadda yake, ya bar alkuki, ya bar dokin ƙofa, kuma kada a sa abin nan mai santsi a ƙasa.

"Ki faɗa masa kamar yadda na faɗa miki."

"To, na ji," ta ce, tana dariya.

Sai daga baya na san abin da ta kai. Cewa ta yi, "Uwarka kawaici take yi, ka san halinta. Wai kada ka wahalar da kanka." Ba mugunta ta yi ba. A wurinmu in ɗan fari ya kawo wa uwarsa abu, dole ta fara ƙi, kada a ce ta nuna zalama. Shekara da shekaru Goggon tana kai masa irin wannan ƙin, na atamfa, na buhun shinkafa, yana kawowa ina karɓa. Ta ɗauka wannan ma irinsa ne.

Na gaya wa Malam abin da ake shiri. Ya murza gemu.

"Ɗa ya zo da alheri, da wane baki zan ce ba na so? Ɗaki ne. Zan koya."

Aka kwashe mu zuwa gidan Goggon, kwana goma sha bakwai. Akori-kura ta kawo siminti da tayil da bokitan fenti daga Gumel, ma'aikatan ma daga can. Rana ta biyar na leƙa ɗaukar taɓaryata, na tarar an fasa daɓen, an tara shi a tsakar gida ɓari-ɓari kamar fasasshiyar randa. Alkukin an toshe shi da bulo, an bi da filasta. Na tsaya a bayan maginin.

"Ɗan nan, ramin da ka toshe da amfaninsa."

"Haba Hajiya, ai an daina yayinsa. Kyankyasai kawai yake tarawa. Ɗanki ya ce bango ya fita sumul."

"Dokin ƙofar fa?"

"Ƙofar ƙarfe za a sa, ba za ta zauna a kansa ba."

Na ɗauki taɓaryata na koma. Ko a ranar da na aika an kira mini yaron, da an tsira da wani abu. Ban aika ba.

Ranar da muka dawo, ba zan ɓoye ba, ɗakin ya yi kyau. Bango ruwan madara, an zagaye shi da ruwan goro daga ƙasa. Sama an rufe azara da farin sili. Labule har ƙasa, kujerun kushin guda biyu, kwanukana an jera su cikin kabad mai gilashi. Gadon an mai da shi kudu, don haka yake a hoton. Ƙasa kuwa fari fat, kana ganin fuskarka a ciki. Mata suka cika ƙofa suna guɗa.

Malam ya zo bakin ƙofa, ya ɗaga ƙafa zai tsallake abin da ba ya nan, ya yi tangal-tangal. Ya kai hannu bango, ya shafa gaba, ya shafa baya, ya shafa sama.

"Ina muke?"

"Ɗakinka, Malam."

"A'a," ya ce.

Ya koya, kamar yadda ya yi alkawari, ko in ce ya gwada. Ya riƙa ƙirga taku daga gado zuwa ƙofa, kujera ta tare shi. Na fitar da kujerun, aka ce kyautar ɗa ba a ajiye ta a rana, aka mayar. Na shimfiɗa tabarmi, tabarmin suka riƙa zamewa a ƙarƙashinsa, na naɗe. Na ɗaura igiya daga ƙafar gado zuwa ƙofa, ya lalubo ta ya kwance, ya miƙo mini. Wata rana na shigo na tarar ya tayar da sallar walaha yana fuskantar arewa. Na jira ya sallame, na kama kafaɗunsa na juya shi gabas.

"Kada ki gaya wa kowa," ya ce.

Kwana na goma, da azahar, ina bayan ɗaki ina sheƙar gero. Ya yi alwalarsa, ya tuna ya bar carbi a kan gado, ya koma ciki da ɗanyar ƙafa. Abin da na ji kamar an yar da buhu daga kan amalanke. Na tarar da shi a tsakiyar ɗaki, ƙafa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, yana salati a hankali.

Ƙugu ne ya karye. Aka kawo maɗori ya yi nasa, aka kai shi asibiti a Gumel suka yi nasu. Ƙashin ya tsufa, bai kama ba. Aka dawo da shi aka kwantar a gadon nan na kudu. Mutumin da bai yarda a riƙe masa sanda ba, sai ga shi ana ɗaga shi, ana juya shi, ana tara masa kwano. Ya mai da fuskarsa bango, ya rage cin abinci, ya rage magana. Bai taɓa cewa laifin wane ne ba.

Yaron yana Kudu da raguna sa'ad da abin ya faru. Da ya dawo ya durƙusa a bakin ƙofa, Goggonsa tana gefe tana share hawaye, don ta riga ta faɗa masa saƙon da na ba ta da wanda ta kai. Bai yi magana da ita ba. A karo na farko tun da na haife shi, ni ya duba.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Na juyo na dube shi. Ashe har furfura ta fara fito masa a gemu, ban sani ba.

"Ni ce ban faɗa ba," na ce. "Tashi ka shiga ka ga ubanka. Ka cire takalmi, ka taka a hankali."

Ya shiga. Ya zauna a ƙasa ya riƙe hannun uban, suka daɗe a haka. Washegari ya zo da mutane wai a fasa tayil ɗin a mai da daɓe. Malam ya ji motsinsu ya tambaya, aka gaya masa.

"A bar shi," ya ce. "Wa zai taka?"

Wata biyu da 'yan kwanaki ya yi. Kafin ruwan farko ya sauka, Allah ya karɓi abinsa.

A ɗakin na yi takaba. Mata suna zuwa daga Gagarawa, daga Gumel, har daga tsallaken iyaka. Su yi gaisuwa, su yi addu'a, sai ka ga ido ya fara yawo, ya hau sili, ya sauko labule. Rana ta bakwai wata mata da ta zo daga nesa, ba ta san yadda aka yi ba, ta shafa bangon da tafin hannu.

"Allah ya ji ƙan Malam. Amma Hajiya, kin yi dacen ɗa. Wannan launin me ake ce masa? Ina da 'ya da za a kai ɗaki bayan Sallah."

"Ruwan madara," na ce.

"Na ƙasan fa, a ina aka samo? A taimaka mini da lambar mai aikin."

Goggon ta miƙe, ta dafa bango, ta taka a hankali har ƙofa, ta fita.